Ƙarfe, Gishiri da Tsatsa: Yadda Jirgin Great Britain Ya Zama Gidan Tarihi a Bristol

A birnin Bristol da ke kudu maso yammacin Ingila akwai wani tsohon jirgin ruwa da duk wanda ya hango shi daga bakin tasha zai rantse a kan ruwa yake. Alhali abin da ya kewaye shi faifan gilashi ne, aka zuba ruwa ɗan kaɗan a samansa don ya yaudari ido. A ƙarƙashin gilashin busasshen rami ne, masu ziyara na sauka ta matakala su zagaya gindin jirgin da ƙafa, suna kallon ƙarfen da aka buga fiye da shekara 180 da suka wuce. Sunan jirgin Great Britain, tsawonsa mita 98, kuma ramin da yake ciki yanzu shi ne ainihin wurin da aka ƙera shi.

Adana jirgi ba kamar adana takobin wani sarki ba ne, da za a goge a saka cikin akwatin gilashi a rufe. Matsalolinsa biyu ne, kuma kowacce ta fi ƙarfin a warware ta sau ɗaya a huta. Ta farko, abin da aka yi shi da shi yana ruɓewa a kullum. Ta biyu, jirgin da ya daɗe yakan yi rayuwa iri-iri, ya canza kama sau da yawa, sai masu gidan tarihi su tsaya su zaɓi wacce za su nuna wa jama'a. Great Britain ya yi jigilar masu kuɗi zuwa Amurka, ya kai 'yan ci-rani Ostareliya, ya ɗauki sojoji zuwa fagen daga, ya yi dakon kwal, ya zama sito, ya kuma zama kangon da aka yasar. To wanne ne a cikinsu aka adana a Bristol?

Sai an fara da dalilin da ya sa aka ƙera shi da ƙarfe, don a nan labarin ya samo asali.

Injiniyan da ya tsara shi, Isambard Kingdom Brunel, ya riga ya ƙera wani jirgi mai tururi da katako, mai suna Great Western, wanda ya tsallake tekun Atlantika a 1838. A lokacin masana da yawa na ganin jirgi mai tururi ba zai yi riba a doguwar tafiya ba, saboda kwal ɗin da zai ƙona a hanya zai cinye wurin kaya da na fasinja. Brunel ya amsa da lissafi. Idan ka ninka tsawon jirgi da faɗinsa da zurfinsa sau biyu, abin da cikinsa zai ɗauka ya ninku sau takwas, amma turjiyar da ruwa ke yi masa kusan sau huɗu kawai za ta ninku. Ke nan gwargwadon girman jirgi, gwargwadon raguwar kason da kwal ke ci a cikinsa. Sai dai katako yana da iyaka. In jirgin katako ya cika tsawo, igiyar ruwa takan ɗaga tsakiyarsa ta bar gaba da baya suna lilo, gaɓoɓinsa su riƙa buɗewa.

A 1838 wani jirgin ƙarfe mai suna Rainbow ya shigo Bristol. Brunel ya tura abokan aikinsa, Christopher Claxton da William Patterson, su hau shi su ga yadda yake tafiya, suka dawo sun gamsu. John Laird ne ya ƙera Rainbow, kuma a nan labarin ya ɗan taɓo mu. Ɗan'uwansa Macgregor Laird shi ne ya shirya tafiyar da Richard Lander ya jagoranta zuwa kogin Kwara a 1832, da wani ƙaramin jirgin ƙarfe da suka raɗa wa suna Alburkah, wanda ake lissafa shi a matsayin jirgin ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiyar teku. Wato kafin a amince da ƙarfe a hanyar New York, an fara gwada shi a hanyar Kwara da Binuwai.

Aka aza harsashin sabon jirgin a 1839. Da farko an tsara shi da manyan ƙafafu masu filafilai a gefe biyu, irin na jiragen zamanin. Sandar ƙarfen da za ta juya waɗannan ƙafafu ta yi girman da babu maƙerar da za ta iya buga ta, har wannan ya sa James Nasmyth ya zana guduma mai aiki da tururi domin aikin. Ba a kai ga buga sandar ba. A 1840 wani jirgi mai suna Archimedes ya zo Bristol, yana tafiya da farfela a bayansa a ƙarƙashin ruwa. Brunel ya aro shi ya yi watanni yana gwaji, sannan ya shawo kan masu kamfani aka watsar da tsarin farko ana tsakiyar aiki. Hujjarsa mai ƙarfi ce. In teku ya harzuƙa jirgi ya karkata, ƙafa ɗaya kan nutse ɗayar kuma ta riƙa juyawa a iska. Haka kuma duk lokacin da kwal ya ragu jirgi ya yi sauƙi, sai ya tasa sama ƙafafun su rage kama ruwa. Farfela kuwa kullum tana cikin ruwa.

Wannan canjin ya ci lokaci ya ci kuɗi. Kafin a gama an kashe kimanin fam 117,000, adadin da ya zarce kasafin farko nesa ba kusa ba. Ranar 19 ga Yuli 1843 aka buɗe wa ramin ruwa jirgin ya taso, a gaban Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria. Sai kuma abin kunya ya biyo baya: ƙofofin da ke tsakanin tashar Bristol da kogin Avon sun yi masa ƙanƙanta. Ya zauna a tsare fiye da shekara guda, sai a Disambar 1844 aka ciccire duwatsun bakin ƙofar aka samu ya fita da ƙyar. A Yulin 1845 ya tashi daga Liverpool zuwa New York, ya isa cikin kwana 14 da awa 21. Shi ne jirgi mafi girma a duniya a lokacin, amma fasinja 45 kacal ya ɗauka. Mutane ba su saki jiki da ƙarfe a kan ruwa ba tukuna. Ga shi kuma kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnati, wadda ita ce ke riƙe kamfanonin wannan hanya, ta riga ta faɗa hannun Samuel Cunard, mai wani kamfanin jiragen ruwa da suke gasa da shi.

A daren 22 ga Satumba 1846, yana kan hanyar New York, kyaftin James Hosken ya ruɗe da fitilun gaɓa, jirgin ya hau yashi a gaɓar Dundrum da ke arewa maso gabashin Ailan. Ba a rasa rai ba. Jirgin ya kwana a nan kusan shekara guda, ya sha dukan igiyar ruwa duk tsawon lokacin sanyi, bayan Brunel ya sa an yi masa shinge da damman itace. A Agustan 1847 aka janyo shi. Da na katako ne da tuni ya zama itacen girki, kuma duk maƙeran jiragen Birtaniya sun ga haka da idonsu. Hatsarin ya karya kamfanin, aka sayar da jirgin a wulaƙance, amma shi ne ya yi wa ƙarfe tallan da babu wata lacca da za ta yi masa.

Aikinsa na jirgin alfarma a tekun Atlantika, wanda aka ƙera shi dominsa kuma ake yaba shi a kai, bai cika shekara biyu ba kafin wannan hatsari. Yana da kyau a riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

Kamfanin Gibbs, Bright ne ya saye shi. Sa'arsu, a 1851 aka gano zinari a yankin Victoria na Ostareliya, mutane suka yi ta tururuwa. Aka cire injin Brunel aka saka ƙarami, aka ƙara bene, aka mai da manyan zannuwan kama iska su ne ƙarfin tafiya, tururi kuma ya zama mataimaki in iska ta kwanta. Dalili a fili yake: babu jirgin da zai iya ɗaukar kwal ɗin da zai kai shi Melbourne da inji kaɗai. A 1852 ya tashi da fasinja 630. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1870 ya yi wannan tafiya sau 32, kowacce kimanin wata biyu, a tafi ta kudancin Afirka a dawo ta ƙarshen Kudancin Amurka. Ya kai fiye da mutum 15,000. Tun da babu firji, da rai ake loda naman: tumaki, aladu, kaji, agwagi, da saniyar tatsa domin masu babban tikiti. Masu ƙaramin tikiti kuwa suna can ƙasa cikin gadaje masu hawa-hawa, abincinsu naman gishiri da busasshen biskit. A 1861 shi ya kai tawagar 'yan wasan kurket ta Ingila ta farko da ta je Ostareliya. Kyaftin ɗin da ya fi daɗewa da shi, John Gray, mutumin tsibiran Shetland, ya ɓace a tsakiyar teku wani dare a 1872 suna hanyar dawowa gida.

A tsakanin waɗannan shekaru gwamnati ta karɓe shi ya yi jigilar dubban sojoji a yaƙin Kirimiya a 1855 da 1856, sannan a 1857 ya kai dakaru Indiya don murƙushe boren da aka yi wa mulkin Turawa. A 1882, da ya tsufa, aka cire injin gaba ɗaya, aka lulluɓe gangar jikinsa da katako, ya koma dakon kwal daga Wales zuwa San Francisco ya dawo da alkama. A tafiyarsa ta uku, a 1886, guguwa ta ragargaza shi a kusa da Cape Horn, can ƙarshen Kudancin Amurka, ya lallaɓa ya shiga tashar Stanley a tsibiran Falkland da ke kudancin tekun Atlantika. Kuɗin gyara ya fi ƙarfin darajarsa. Kamfanin tsibiran ya saye shi ya mai da shi sito mai iyo, ana tara gashin tumaki da kwal a ciki, har zuwa 1933. A 1937 aka ja shi zuwa wani lungu mai suna Sparrow Cove, aka huhhuda shi ya zauna a ƙasan ruwa mara zurfi, aka tafi aka bar shi.

A ganina wannan wulaƙancin ne ya cece shi. Jiragen zamaninsa da suka ƙare rayuwarsu a kusa da gida, 'yan gwangwan ne suka gada. Great Western an farfasa shi a shekarun 1850. Great Eastern, jirgin Brunel na uku wanda ya ninka wannan girma, an yanyanka shi a bakin kogin Mersey a ƙarshen shekarun 1880. Falkland ta yi nisa da kowace maƙera, kuɗin kai ƙarfen kasuwa ya fi kuɗin ƙarfen. Babu wanda ya yi niyyar adana shi, an dai rasa yadda za a ci ribar rushe shi.

A 1967 wani masanin ƙirar jiragen ruwa, Ewan Corlett, ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa yana kira da a ceto shi. Ya je ya duba, ya tarar da wata babbar tsaga a gefen jirgin wadda ke barazanar raba shi biyu. Attajiri Jack Hayward ya ba da fam 150,000. A 1970 aka kai wani makeken faifan ƙarfe mai iyo da ake iya nutsarwa, mai suna Mulus III. Mutanen tsibirin suka ba da tsofaffin katifunsu, masu ninƙaya suka cusa su cikin tsagar, aka toshe ramukan, aka zuƙe ruwan ciki har jirgin ya taso. Aka nutsar da faifan a ƙarƙashinsa aka ɗago shi, aka ja shi tafiyar kimanin mil 8,000 ta Montevideo. Ranar 5 ga Yuli 1970 ya hau kogin Avon a kan gindinsa, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Clifton, wadda ita ma Brunel ne ya tsara ta. Lokacin da jirgin ya bar garin a 1844 hasumiyoyin gadar kawai ke tsaye, ba a kammala ta ba sai 1864, shekara biyar bayan rasuwar Brunel. Dubban mutane suka cika gaɓar kogin. Ranar 19 ga Yuli, shekara 127 daidai da ranar da ya fita, aka mai da shi raminsa, Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu yana kansa.

Galibin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, don a nan daɗin yake. Amma wahalar gaske daga nan ta fara.

Masu aikin sun yanke shawarar mai da shi kamannin 1843. Aka ɓamɓare katakon da aka lulluɓe shi da shi a 1882, aka kafa sababbin ginshiƙai shida na rataya zannuwan kama iska, aka yi sabon bututun hayaƙi, aka ƙera farfela mai fukafukai shida irin ta asali, daga baya aka haɗa kwafin injin Brunel wanda ke juyawa a hankali don baƙi su gani. Shekara kusan talatin ana wannan, ana wanke ƙarfen ana shafa masa fenti, yana tsaye a fili ruwan saman Bristol na dukansa. A 1998 aka yi masa cikakken bincike, sakamakon ya tayar da hankali: ƙarfen na ci gaba da mutuwa, kuma in aka bar shi haka, cikin 'yan shekaru gommai babu abin da zai saura a gindin.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙarfen zamanin Brunel bugagge ne, yana da salo-salo a cikinsa, ba narkakken ƙarfe mai santsi irin na yau ba. Fiye da shekara 120 yana cikin teku, gishiri ya shige can cikin waɗannan salo-salo inda wanki ba ya kaiwa. Gishiri kuma yana janyo laima daga iska. Da zarar laima ta haɗu da gishiri da ƙarfe, tsatsa ta kama aiki, kuma gishirin ba ya ƙarewa a cikin aikin, sai ya sake komawa ya ci gaba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, don haka takan kumbura ta ɓamɓare fatar waje ta buɗe sabuwa. Fenti a kan irin wannan ƙarfe rufe ciwo ne kawai. Tun da ba za a iya fitar da gishirin ba, kuma ba za a iya hana iska taɓa jirgi mai tsawon mita 98 ba, abu ɗaya ya rage a cire: laimar. Binciken da aka yi a Jami'ar Cardiff ya nuna in laimar iska ta sauka zuwa kashi 20 cikin 100, tsatsar kusan tsayawa take yi. Bristol gari ne mai damshi, laimarsa ta ninka haka sau da yawa. Kashi 20 shi ne irin bushewar da muka sani a Kano ko Damagaram a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa. Wannan yanayin ake ƙirƙira a bakin ruwa a Ingila, dare da rana.

Abin da gilashin nan yake yi ke nan. Rufi ne da ya toshe ramin daidai inda ruwa yake tsayawa a jikin jirgi, manyan na'urori biyu kuma na shanye laimar iskar, ɗaya a cikin ramin ɗaya a cikin jirgin. Ruwan da ke saman gilashin yana ƙawata wurin, yana kuma taimakawa wajen tare zafi. An kammala aikin a 2005, da tallafin miliyoyin fam daga asusun da ke raba kuɗin cacar ƙasa ga ayyukan tarihi, a 2006 kuma wurin ya ci kyautar Gulbenkian ta gidajen tarihi.

Sakamakon haka, jirgi biyu ne a wuri ɗaya. Daga gilashi zuwa sama akwai jirgi mai sheƙi, baƙi da fari da ado na ruwan zinari, tutoci na kaɗawa, kuma mafi yawan abin da ido ke gani a kan bene da cikin ɗakuna sabon aiki ne. Daga gilashi zuwa ƙasa akwai ƙarfen 1843 da ramukansa da ɓawonsa, faranti a kan faranti da layukan ƙusoshi, ba a ɓoye lalacewarsa ba. Ni dai na ƙasan nake ɗauka da muhimmanci. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin bayan jirgin ya ɗaga kai, yana ganin yadda aka lanƙwasa faranti da guduma a zamanin da babu wanda ya taɓa ƙera abu mai wannan girma da ƙarfe, yana kuma ganin abin da shekara 33 a Sparrow Cove suka yi masa.

Ba ina cewa na saman ƙarya ba ne. Ba don shi ba, da ba za a samu masu sayen tikitin da ke biyan kuɗin na'urorin ba, kuma yaro ba zai fahimci tafiyar wata biyu a teku daga kallon tsatsa ba. An kuma yi ƙoƙarin gyara son kan zaɓin farko: a ciki, kusa da ɗakin cin abincin manya na 1845 mai madubai da ginshiƙai, an gina matsattsun gadajen 'yan ci-ranin Ostareliya, har da ƙamshin burodi da warin da ba a so. Amma lissafin shekaru ba ya goyon bayan siffar da aka zaɓa. Ƙasa da shekara biyu a matsayin jirgin alfarma na Brunel, fiye da ashirin a hanyar Melbourne, 47 yana sito. Siffar da ta fi gajarta ita aka ɗora a gaba, saboda ita ce ke ɗaga sunan injiniyan da Ingila ke alfahari da shi. Mutanen Falkland, waɗanda jirgin ya zauna a wurinsu shekara 84, an bar musu ginshiƙin jirgin guda ɗaya, yana nan a ajiye a bakin ruwa a Stanley.

Akwai kuma waɗanda jirgin ya shafa amma ba su taɓa hawansa ba. Dubban da ya sauke a Melbourne sun je neman arziki ne a ƙasar da ake ƙwacewa daga 'yan asalinta. Sojojin da ya kai Indiya a 1857 ba yawon buɗe ido suka je ba. Gidan tarihin da aka gina a kan wasiƙu da littattafan tafiyar fasinjoji dole muryar fasinjoji ce za ta fi fitowa, don su ne suka bar rubutu. Bristol kuwa gari ne da ba zai iya kauce wa irin wannan tambaya ba. Ya yi ƙiba da cinikin bayi kafin zamanin wannan jirgi, kuma a cikin wannan tashar ruwan ce masu zanga-zanga suka jefa mutum-mutumin Edward Colston, wani attajirin garin da ya yi cinikin bayi, a Yunin 2020. Great Britain bai taɓa ɗaukar bawa ba, an ƙera shi bayan an haramta cinikin, amma kayan aikin daula ne, kuma mai ziyarar da ya fito daga ƙasar da Ingila ta mallaka zai karanta shi da wani ido daban da na ɗan makarantar Bristol.

Yanzu zamansa a gidan tarihi ya haura shekara 50, ya fi kowane aiki da ya taɓa yi tsawo. Wata ƙungiyar agaji mai zaman kanta ce ke riƙe da shi, kuma kaso mai yawa na kuɗin shigarta daga baƙi yake fitowa. An ƙara cibiyar adana takardu da bincike a gefensa a 2010, da wani gidan tarihi na Brunel kansa a 2018. Na'urorin shanye laima kuwa makamashi suke ci, ba sa hutu. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe ƙofa babu mai sayen tikiti, haka aka ci gaba da biyan kuɗin wutarsu, don in aka kashe su laima za ta koma ramin, gishirin da ke cikin ƙarfen kuma yana nan inda yake.